Giyabos mai kuloci biyu da ɗaukar gudun mota: tambayoyi da amsoshi

Motoci masu giyabos mai kuloci biyu sun fara yawaita a titunan Sakkwato. Galibinsu sun yi shekaru a hannun wasu a Turai ko Amurka kafin su iso nan, kuma da wuya a samu wadda ta zo da littafinta. Mai mota yakan tarar da maɓallai masu rubutun Comfort, Sport, Sport Plus ko Race a kusa da sandar giya, ya yi ta gwada su ba tare da sanin abin da kowanne ke canzawa ba, wani ma ya ɗauka cewa danna Sport daidai yake da ƙara wa inji ƙarfi. An amsa tambayoyin da ke biye ne bisa la'akari da kwaltar da muke hawa, da zafin garinmu, da irin man da muke sha.

Mene ne giyabos mai kuloci biyu, kuma yaya yake aiki?

Giyabos biyu ne irin na manuwal aka haɗa a gida ɗaya, kowanne da kulocinsa, kwamfuta kuma ita ce ke taka su a madadin ƙafar direba. Kuloci na farko yana riƙe da giya ta 1, ta 3, ta 5 da ta 7, na biyu kuma yana riƙe da ta 2, ta 4 da ta 6. Yayin da mota ke tafiya a giya ta 2, kwamfutar ta riga ta saka ta 3 a ɗaya ɓangaren tana jira, sai dai kulocinta a buɗe yake. Idan lokacin canji ya yi, wannan kulocin yana saki wancan yana kamawa a lokaci guda, don haka jan da inji ke yi wa taya ba ya yankewa. Wanda ya taɓa ganin mata biyu suna lugude a turmi ɗaya ya ga misalin aikin: kafin taɓaryar wannan ta gama ɗagawa ta waccan ta sauka.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Wani injiniya Bafaranshe, Adolphe Kégresse, ya zana ta tun a ƙarshen shekarun 1930, amma sai a shekarun 1980 kamfanin Porsche ya yi tsere da ita a motocinsa na 956 da 962, sannan Volkswagen ya fara sayar da ita ga jama'a a cikin Golf R32 a 2003.

Akwai magana guda da ya kamata a riƙe tun daga nan, domin yawancin amsoshin da ke gaba a kanta suka rataya. Kwamfutar giyar hasashe take yi. Tana duba yadda aka taka totur, da gudun mota, da ko an taɓa birki, sai ta zaɓi giya ɗaya tak ta tanada, ko ta sama ko ta ƙasa. Idan hasashenta ya dace da nufin direba, canjin yakan ƙare cikin ɗan abin da bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin goma na sakan ba. Idan ya saɓa, dole ta cire wadda ta tanada ta saka wata, kuma a nan ne direba ke jin mota ta yi jim.

Motata otomatik ce mai maɓallan canza giya a bayan sitiyari. Wannan yana nufin kulocinta biyu ne?

A'a, maɓallan ba hujja ba ne. Kowane kamfani da sunan da ya ba irin wannan giya. Masu kuloci biyu sun haɗa da Golf GTI da Golf R masu DSG, da Porsche masu PDK, da yawancin Audi masu S tronic, da Nissan GT-R tun daga 2007, da BMW M3 da M4 masu M DCT, da Mercedes A45 da CLA, da Corvette ta 2020 zuwa sama, da wasu Hyundai masu injin turbo 1.6. Camry da Lexus da Mercedes C300 da Dodge Charger ba sa cikinsu, domin nasu giyabos ɗin na otomatik ne na asali, wanda ruwan mai ke haɗa inji da giya a cikinsa. Mercedes C63 ma, duk da ƙarfinta, nata tsarin daban ne, sunansa MCT. Haka kuma BMW ta bar kuloci biyu a M5 ta 2017 da M3 da M4 da suka biyo baya, ta koma otomatik mai giya 8 na kamfanin ZF, saboda na zamani ya kusa kamo shi a sauri, ya kuma fi shi laushi a tafiyar cikin gari. Kafin ka ɗauki shawarar da ke wannan shafi, sa makanike ya jona kwamfuta ya karanta maka lambar giyabos ɗinka.

Idan na danna Sport, ƙarfin inji yana ƙaruwa?

A mafi yawan motoci ba ya ƙaruwa ko kaɗan. Abin da ke canzawa shi ne yadda ake miƙa maka ƙarfin da dama yana nan. Da farko kwamfuta tana jinkirta hawa giya, ta bar inji ya yi juyi mai yawa kafin ta canza, kuma idan ka ɗaga ƙafa ba ta gaggawar tura ka giya ta 6 ko ta 7. Tana kuma matse kuloci da sauri da ƙarfi a lokacin canji. Idan ka taka birki za ta sauko da giya da wuri, ta ɗan zuga inji don juyinsa ya dace da sabuwar giyar, ta yadda kana fitowa daga kwana kana kan giyar da ke da ja.

Abin da ya fi ruɗar mutane shi ne totur. A Sport, taka rabin totur yana buɗe inji kamar yadda taka kashi biyu cikin uku ko fiye zai buɗe shi a Comfort, sai ƙafa ta gaya wa direba cewa mota ta ƙara ƙarfi, alhali buƙatarsa ce aka ninka masa da wuri. Idan totur ya taɓa ƙasa, babu sauran bambanci ta wannan fuska, domin buɗaɗɗen inji buɗaɗɗe ne a kowane saiti. Shi ya sa motoci da yawa, idan aka take su har ƙasa daga tsaye, lokacin da suke yi a D (tafiyar yau da kullum) da wanda suke yi a S (Sport) kusan ɗaya ne: a duka biyun kwamfuta tana kai inji kusa da jan layi, wato iyakar juyinsa, kafin ta canza.

Akwai 'yan motocin da ke ba da ƙarin ƙarfi na ɗan lokaci, kamar Hyundai masu alamar N, inda maɓallin N Grin Shift ke aiki na sakan 20. Waɗannan kaɗan ne, kuma kamfani yakan bayyana hakan ƙarara.

To nawa ne ainihin ribar da giyar da saitinta ke kawowa?

Alƙaluman Porsche sun fi dacewa da amsa wannan, domin mota ɗaya ce da inji ɗaya aka auna ta hanya uku. Ga 911 Carrera S da ta fito a ƙarshen 2015, kamfanin ya rubuta cewa daga tsaye zuwa kilomita 100 a awa, mai giyar hannu tana ɗaukar sakan 4.3, mai PDK 4.1, mai PDK da tsarin Sport Chrono kuma 3.9. Ke nan giyar kanta ta kawo 0.2, saiti mafi zafi haɗe da tsarin zabura daga tsaye ya ƙara 0.2. A gudun kilomita 100 mota tana cin kusan mita 28 a sakan guda, don haka 0.2 bai kai mita 6 ba, tsawon mota ɗaya da 'yan kai.

A filin tsere wannan tazara ce da ake kashe miliyoyi a kanta. A titin gari kuwa ƙarama ce ƙwarai, kuma dalilin ƙanƙantarta a fili yake: tsakanin tsayuwa da kilomita 100 irin waɗannan motoci sau ɗaya ko sau biyu kawai suke canza giya, don haka komai saurin canjin, abin da za a tara ba shi da yawa.

Na auna motata, ba ta kai lokacin da na gani a intanet ba. Giyar ce ta samu matsala?

Mai yiwuwa lafiyarta lau. Da farko a duba irin awon. Mujallun Amurka suna auna mil 60 a awa, wato kusan kilomita 97, ba 100 ba, kuma da yawansu ba sa fara lissafi sai mota ta motsa ƙafa guda, abin da ke rage kusan 0.3 na sakan. Sannan a busasshiyar kwalta mai tsabta suke awo, da direba shi kaɗai, da sababbin tayoyi, da tsarin zabura.

Sai zafi. Ana ƙiyasta ƙarfin inji ne a kan iska mai digiri 20 ko 25 a ma'aunin salshiyos. Da azahar a watan Afrilu a Sakkwato ma'auni yakan haura 40, kuma iska mai digiri 42 ta fi mai digiri 20 rashin kauri da kusan kashi 7 cikin 100. Inji da iska yake ƙona mai, don haka wanda ba shi da turbo yakan yi asarar ƙarfi gwargwadon haka. Mai turbo yana iya cike wani ɓangare na giɓin, amma na'urar da ke sanyaya masa iska ita ma cikin wannan zafin take aiki, kuma idan ta ɗauki zafi kwamfuta da kanta take rage wuta.

Mai ma yana da nasa kaso. Buɗe murfin tankin motarka ka karanta: 'yar Turai takan nemi oktan (ma'aunin juriyar fetur ga matsi) 95 ko 98, 'yar Amurka kuma 91 ko 93 a ma'auninsu. A gidajen manmu fetur iri ɗaya ake sayar wa kowa, ba a zaɓe, na 'yan bumburutu kuwa ba mai iya rantsuwa a kan abin da ke cikin jarkar. Idan man bai kai ba yakan fashe a silinda kafin lokacinsa, na'urar da ke sauraron inji ta ji, kwamfuta ta jinkirta tartsatsin filogi don kare inji, ƙarfi ya ragu ba tare da wata fitila ta kama a dashbod ba.

Akwai kuma nauyi, wanda kowa ke mantawa da shi. Mota mai kilo 1,500 idan ta ɗauki ƙarin mutum uku masu kilo 70 kowanne, nauyinta ya ƙaru da kashi 14 cikin 100. Wannan kaɗai ya cinye ribar 0.2 da ake ta muhawara a kanta har ya nemi ƙari.

Idan ribar ƙarama ce haka, a ina saitin giya yake da amfani na gaske?

A wajen wuce mota, kuma a ganina wannan ce tambayar da ta fi kowace muhimmanci a shafin nan.

Ɗauki hanyar Sakkwato zuwa Jega, inda masu tafiya da masu dawowa ke raba kwalta ɗaya. Ka baro Bodinga kana bayan tirelar siminti da ke tafiyar kilomita 70 a awa. Giyarka tana D, don haka kwamfuta, saboda tattalin mai, ta kai ka giya ta 7, inji yana juyi ƙasa da 1,500 a minti, turbo kuma yana barci. Ka leƙa ka ga fili, ka fita, ka take totur har ƙasa. Yanzu ne aikin zai fara. Kwamfuta za ta gane cewa giya ta 3 kake buƙata, amma ta 7 da ta 3 duk a kan kuloci ɗaya suke, ba za ta iya tsallakawa kai tsaye ba sai ta bi ta wata giya ta ɗaya ɓangaren. Bayan haka inji zai haura daga juyi 1,500 zuwa wajen 4,000, sannan turbo ya cika. Kowane mataki ɗan ƙanƙane ne, amma idan aka haɗa su sukan kai sakan guda ko su wuce, kuma duk wannan lokacin kana hannun da ba naka ba, kafaɗa da kafaɗa da tayoyin bayan tirela, motarka ba ta fara ja ba.

Idan akwai mota tana tahowa a gudun kilomita 100, kai kana 70, tazarar da ke tsakaninku tana raguwa da mita 47 a kowane sakan. Wannan mita 47 ita ce farashin jinkirin giya, kuma ta ninka ribar da muka lissafa a sama sau takwas.

Maganin ba ya buƙatar kuɗi. Tun kana bayan tirelar, kafin ka fita, ja maɓallin hagu na bayan sitiyari, mai saukar da giya, har allurar juyin inji ta tsaya tsakanin 3,000 da 4,000, ko ka ja sandar giya zuwa S ka bar ta ta sauko da kanta. Za ka ji inji ya ɗaga murya, motar kuma ta zama a shirye, ta yadda da zarar ka taka totur ja zai zo nan take. Idan ka gama wucewa ka koma hannunka, mayar da ita D. A wasu Porsche an yi maɓalli musamman saboda wannan, Sport Response, wanda ke shirya giya da inji na sakan 20 sannan ya koma yadda yake. Injiniyoyin sun san inda jinkirin yake.

Saukar da giya ba ta ba ka izinin shiga ƙaramin fili ba. Tana rage lokacin da za ka yi a hannun wani ne kawai, kuma a hanyar da raƙumi ko jaki ko mai kabu-kabu ke iya ɓullowa daga gefe ba sallama, filin da ido bai gamsu da shi ba a D, bai isa a S ba.

Saiti mafi zafi yana sa in ji an buge ni a baya duk lokacin da giya ta canza. Ba alamar ƙarin gudu ba ce?

Ƙari ne kaɗan, jin sa ya fi shi yawa. Idan aka hau giya dole juyin inji ya sauko. A saiti mai laushi kwamfuta tana rage wuta na ɗan lokaci don saukar ta zo a hankali, a mai zafi kuwa tana danne kuloci da ƙarfi, sai ragowar juyin injin ya zube a kan taya lokaci guda, wannan ne bugun da kake ji. BMW M3 ta 2008 ta zo da matakai 11 na irin wannan saiti, biyar a otomatik, shida a canjin hannu.

A busasshiyar kwalta mai riƙo bugun yana ɗan tura mota gaba. Amma kwaltarmu sau da yawa tana da yashi a kanta, musamman a bakin titi da shataletale, da hunturu ƙura ta lulluɓe ta, ruwan farko na damina kuma ya mayar da ita sulɓi. A irin wannan wuri bugun yakan sa taya ta zame, tsarin hana sulɓi ya yanke wuta, a yi asarar fiye da abin da aka nema. Idan mota mai jan baya ce kuma canjin ya zo a tsakiyar kwana, bayanta na iya juyawa. A kwalta mai yashi ko ruwa, matsakaicin saiti ya fi sauri kuma ya fi aminci.

Wanne ya fi sauri, in canza da hannuna ko in bar wa kwamfuta?

A miƙaƙƙen titi da totur a ƙasa, bar wa kwamfuta. A giya ta 1 da ta 2 allura tana haurawa da saurin da idon mutum da yatsansa ba sa iya bi, kuma kuskure ta kowane ɓangare asara ne. Idan ka canza da wuri, inji ya faɗa inda ba shi da ƙarfi. Idan ka makara, ya daki iyakarsa, kwamfuta ta yanke mai, mota ta tsaya cak a gudu ɗaya har sai ka canza. Yawancin Volkswagen sukan hau giya da kansu a jan layi ko da a M (canjin hannu) suke, irin su BMW M3 kuwa takan riƙe giyar har sai an umarce ta.

Wurin canji mafi kyau ya danganta da inji. Wanda ba shi da turbo kuma aka gina shi don juyi mai yawa, irin na Ferrari 458 da Porsche GT3 masu kaiwa 9,000, ƙarfinsa a can sama yake, sai a kai shi ƙarshe. Ƙananan injuna masu turbo da yawa ƙarfinsu yakan lafa kafin jan layi, ƙure su ba ya ƙara komai sai ƙara.

Inda hannu ya fi kwamfuta shi ne abin da ido ya hango: tirela, kwana, hawa, rami. Kwamfuta ba ta ganin titi, ƙafarka kawai take karantawa, don haka kullum a bayan niyyarka take.

Tsarin zabura daga tsaye yana lalata giya?

Yadda yake aiki shi ne a danne birki da ƙafar hagu, a take totur da ta dama, kwamfuta ta riƙe inji a wani juyi da ta zaɓa, galibi tsakanin 3,000 da 5,000, sannan a saki birki. Daga nan tana barin kuloci ya ɗan zame da gangan don kada inji ya nutse kuma kada taya ta yi ta juyi a wuri ɗaya. Duk zamewar kuloci zafi ne da cin faranti, kuma sandunan da ke kai ƙarfi taya suna ɗaukar duka mai nauyi. Sau ɗaya ba zai kashe lafiyayyen giyabos ba, amma maimaitawa a jere cikin zafin rana a motar da ta haura shekara goma wani abu ne daban. GT-R ta farko ta zama darasi a kan haka: an samu giyoyin da suka lalace, aka yi ta jayayya kan garanti, har Nissan ta sauya tsarin a 2009 ta rage juyin da motar ke tashi da shi. Idan motarka ta ƙi shiga wannan tsari saboda mai bai yi ɗumi ba ko ya yi zafi da yawa, kare kanta take yi, kada a nemi wanda zai cire mata wannan kariyar.

Ba na ganin wurin wannan tsari a titin jama'a. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa ta ƙayyade wa ƙananan motoci kilomita 50 a cikin gari, 80 a babbar hanya, 100 a tagwayen hanya ta gudu. Motar da ke kai 100 cikin sakan 4 ta wuce iyakar cikin gari tun kafin sakan 2 ya cika, kuma wasan mota da ake yi a bayan ɗaurin aure, a cikin yara da 'yan kallo, ya isa ya sa duk mai hankali ya ƙi nuna wa ƙaninsa yadda ake kunna shi.

Me ya sa motar ke karkarwa ko ta nuna gargaɗin zafin giya a cunkoso?

Domin kuloci ne na gaske, kuma tafiyar da ta gaza gudun giya ta 1 ba ta yiwuwa sai da zamewarsa. A cunkoson bakin babbar kasuwa da yamma, direba yakan ɗan sassauta birki mota ta ja taku biyu, ya sake dannewa rabi, ta ci gaba da rarrafe. A otomatik na asali wannan ba komai ba ne. A mai kuloci biyu daidai yake da direban manuwal da ya ɗora ƙafa a rabin kuloci na minti ashirin. Ka tsaya cak da birki a danne sosai, ka bar tazara ta buɗe, sannan ka tafi gaba ɗaya. A hawa kada ka riƙe mota da totur.

Kuloci iri biyu ne. Jiƙaƙƙe yana iyo cikin mai wanda ke kwashe masa zafi, shi ake sa wa motoci masu ƙarfi, kamar DQ250 na Golf GTI da PDK. Busasshe iska ce kawai ke sanyaya shi, kamar DQ200 na Volkswagen mai giya 7, da na Ford Focus da Fiesta da aka yi ta ƙorafi a kansa a Amurka. Busasshen ne ya fi shan wahala a garinmu. Idan zafi ya yi yawa kwamfuta takan sassauta canji ta rage ƙarfin inji, don haka motar da ta fito daga cunkoso ba za ta ja kamar yadda ta ja da asuba ba, ko wane maɓalli aka danna.

Laifi ne in bar ta a Sport kullum?

Ba ya karya komai nan take, amma yana ƙara shan mai da zafin inji, kuma tun da aka cire tallafin fetur a Mayun 2023 wannan ba ƙaramin lissafi ba ne. A cikin gari totur mai saurin amsawa yana sa mota fizga a tsakanin 'yan kabu-kabu. D ta wadatar, a nemi S lokacin da ake buƙatarta.

An ce ana iya taɓa kwamfutar giya ta ƙara sauri. Ya dace?

Ana yi. Masu wannan aiki sukan ƙara matsin kuloci, su ɗaga iyakar ƙarfin da giya ke karɓa, su sauya wurin canji da juyin zabura. Amfaninsa na gaske yana ga wanda ya riga ya ƙara wa inji ƙarfi har kuloci ya fara zamewa ko giya ta fara hana ƙarfin wucewa. A injin da ba a taɓa ba, abin da za a samu bai taka kara ya karya ba. Kuma yawancin waɗannan manhajoji an rubuta su ne don mai mai oktan 98 da yanayin Turai, ɗora su a motar da ke shan manmu a zafin bazara kasada ce da inji. Kuɗin ya fi amfani a tayoyi masu kyau, domin su ne ke yanke hukuncin ƙarfin da zai isa ƙasa.

Motata ta rage kaifin canza giya. Me zan fara dubawa?

Fara da man giya. Volkswagen ta ƙayyade a canza na DQ250 da matatarsa duk kilomita 60,000, kuma motar da ta zo ba takardun sabis gara a ɗauka ba a canza ba. Man nasa na musamman ne, jan man otomatik da aka saba zubawa a Camry ba ya maye gurbinsa. Irin mai ba ƙaramin abu ba ne a wannan giya: a 2013 Volkswagen ta kira kimanin motoci miliyan 1.6 masu DQ200 don sauya musu mai, saboda wanda aka zuba da farko yana jawo matsalar lantarki a ƙasashe masu zafi da cunkoso.

Daga nan sai lagireto, domin a motoci da yawa ruwan inji ne ke sanyaya man giya. Lagireton da ƙurar hunturu ta toshe, ko aka cika shi da ruwan rijiya, ko aka cire masa tamostat kamar yadda wasu makanikai suka saba, duk suna shafar giya. A duba matatar iska da ƙarfin batir. Idan an canza kuloci ko akwatin mekatironik, wato na'urar da ke sarrafa kulocin da canjin giya, wajibi ne a jona kwamfuta a sake koya wa giyar inda kulocinta ke kamawa, in ba haka ba za ta yi ta fizga ko jinkiri ko da kayan sababbi ne. Ka tambayi makanike tun kafin ya kwance ko yana da na'urar yin wannan.

Ta yaya zan gwada bambancin saitin da kaina ba tare da karya doka ba?

Kada ka auna daga tsaye, auna daga kilomita 50 zuwa 80, domin shi ne gudun da kake amfani da shi a wuce mota, kuma yana cikin iyakar babbar hanya. Nemi miƙaƙƙen wuri da ido ke ganin nesa, ba gari, ba makaranta, ba mashigar dabbobi, da safe kafin rana ta yi zafi, bayan inji ya yi ɗumi. Kada ka dogara da maleji, domin yakan nuna sama da gudun gaskiya, manhajar GPS ta waya ta fi shi, kuma wanda ke zaune a gefenka ne zai riƙe wayar, ba kai ba.

Yi gwaji uku. Na farko a D, ka daidaita a 50 har giya ta hau sama, sannan ka take. Na biyu a S. Na uku ka saukar da giya da hannu tun kafin ka take. Abokin tafiyarka ya fara lissafi daga lokacin da ƙafarka ta sauka, ba daga lokacin da mota ta amsa ba, domin jinkirin da ke tsakani shi ake nema. Maimaita kowanne a tafiya da dawowa don a soke tasirin gangare da iska, da mutane iri ɗaya a ciki da na'urar sanyi a yanayi ɗaya, kuma ka bar 'yan mintuna na tafiya a hankali tsakanin gwaji da gwaji don man giya ya huce.